Mun ɗauko amarya daga Damagaram

Fagge, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abokina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zaman Alƙahira? Saƙonka na murya ya iso ranar ɗaurin aure, na saurare shi a tsaye cikin hayaniya, na ce wannan ba labarin da za a ba ka a guntun saƙo ba ne. Yanzu baƙi sun watse, an kwashe rumfa da kujeru daga ƙofar gida, sai na ɗauki biro.

To, Auta ya yi aure. Yaron nan da kake goyawa a keke zuwa Islamiyya yau shi ne mai iyali. Alhamdu lillahi.

Amaryar ba daga nesa take ba, ko da yake sai an tsallaka iyaka. Ka tuna Alhajin nan na Damagaram, abokin cinikin marigayi Baba a Kantin Kwari, mai sarin atamfa da shadda, wanda yake kwana a zaurenmu idan ya shigo gari? 'Yarsa ce. Bayan rasuwar Baba, da Auta ya karɓi shago, shi yake raka kaya can wani lokaci, a nan Allah ya haɗa su. Maganar ta fara ƙarfi ke nan aka yi juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka. Ciniki ya tsaya, zance ya koma waya. Na ga yaron nan ya rame a watannin nan, ban sani ba ko bashin da ya maƙale a can ne ya fi damunsa ko yarinyar. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe hanya, daga baya su Baffa suka je neman aure, aka ba su ba tare da wani ja-in-ja ba.

Kafin a sa rana na tsaya kai da fata sai an yi gwajin jini. Ka san jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, har da na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Ko babu doka ma ni zan sa a yi, don na ga yadda sikila take wahalar da yara da iyayensu a cikin danginmu. Na ji nauyin tayar da maganar a gaban surukai, amma Alhaji da kansa ya ce haka ya dace. Sakamako ya fito lafiya lau.

Batun lefe da anko ba zan cika ka da shi ba, aikin mata ne, kuma sun yi shi yadda suke so. Abin da ya shafe ni shi ne zaryar Wapa neman sefa. Tun da naira ta faɗi a 2023, duk wanda zai yi hidima a Nijar sai ya ji a jikinsa. Allah dai ya rufa asiri.

Mun tashi bayan sallar asuba, muka bi ta Kazaure da Daura, muka tsallaka a Kongolam, muka ratsa Matamaye har Damagaram. Tafiyar ba ta kai ta Kano zuwa Abuja ba, tsaye-tsayen hanya ne kawai suke tsawaita ta. Gidansu yana cikin Birni, ba nisa da fadar Sultan, tsakanin lungunan nan na ginin ƙasa da manyan duwatsu. Wallahi in ka shiga wani lungun sai ka ɗauka kana cikin badala. Ba mamaki, garin da ya riƙe hedikwatar Nijar har 1926 kafin a mayar da ita Yamai, kuma ta nan ayarin Agadas yake biyowa ya sauke kaya a Faggen nan tamu tun kaka da kakanni.

Da safe aka ɗaura, a ƙofar gida, kan tabarmi. Baffa ne wakilin ango. Da aka zo maganar sadaki, waliyyin amarya ya ce ba za su yanka ba, a kawo abin da ya sauƙaƙa, albarka suke nema. Baffa ya miƙa, aka ƙirga a gaban shaidu. Ya nema wa ɗansa aure sau uku, aka ba shi sau uku, bisa ci da sha da sutura da kyautatawa, ya ce mun karɓa. Liman ya shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, goro da dabino suka fara zagayawa. A nan ne na kasa riƙe kaina. Wurin da Baffa ya zauna, Baba ne ya kamata ya zauna. Alhaji ya lura da ni, ya taso ya kama hannuna, ya ce shekara da shekaru Baba yana ba shi kaya ba rubutu ba shaida, bai taɓa jin ɗar ba, don haka shi ma yau ya ba gidan Baba abin da ya fi kaya, ba ya jin ɗar. Ban iya ba shi amsa ba sai "Allah ya saka da alheri".

Wani dattijo da ke gefena ya ce a zamanin Sarki Alu, Amadu Kuren Daga da dawaki da bindigogi ya nufo Kano, yau ga Kanawa sun zo Damagaram da goro. Kowa ya yi dariya, aka ce Allah ya ƙara haɗa kawunanmu.

Amma abin da na fi so in ba ka labari shi ne shigowarta gida. An kawo ta Kano da rakiyar gwaggonninta da ƙawaye, da gara niƙi-niƙi: buhunan gero da shinkafa, man shanu, alkaki, nakiya, dubulan, da kilishin da har maƙwabta suka samu. Ranar buɗar kai aka shigo da ita ɗakin Hajiya a lulluɓe, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ni ina daga bakin ƙofa. Dangi suna ta ajiye kuɗi a faranti, guɗa tana tashi. Hajiya ba ta ajiye kuɗi ba. Sai ta jawo ta jikinta, ta zare warwaron azurfa daga hannunta, wanda kakarmu ta wajen uba ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan nan daga Haɗeja, ta zura a hannun yarinyar da ya sha lalle. Warwaron ya yi mata yawa, ya zame har kusa da gwiwar hannu. Hajiya ta ce, "Daga yau ke ce 'yata, shi ne surukina. In ya ɓata miki, nan za ki kawo ƙara." Sannan ta sa aka kira Auta, ta ce masa a gaban kowa kada ta ji an ce wayar yarinyar nan ba kati, ta kira uwarta duk sa'ad da ta so, kuma da Babbar Sallah shi zai kai ta ganin gida da ƙafarsa.

Daga baya Hajiya ta faɗa mini abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce ita da aka kawo ta, ta daɗe tana kuka a madafa tana cewa hayaƙi ne, ba wanda ya tambaye ta. Ta ce ba za a maimaita wannan a gidanta ba.

Maganar ta tsaya mini a rai. Mu maza da an shafa fatiha sai mu ga an gama, mu shiga lissafin abin da aka kashe. Ita kuwa yarinya ta bar uwa da uba da ƙawaye da ƙasarta, ta shigo gidan da kowa ya san kowa ban da ita. Ko kuɗin cefane sai ta koya, don ita da jika da dala ta saba ƙirga. Nauyin sa ta saki jiki a kanmu yake, mu da muka je muka roƙa aka ba mu. Ban yarda da gidajen da ake zuba wa amarya ido ana jiran ta yi kuskure ba.

Ni kuma ka san matsayina. Matar ƙane suruka ce, akwai kunya tsakani. Tana zuwa gaishe ni da safe ta durƙusa daga nesa, "Yaya ina kwana," in amsa, in tambaye ta baƙunta, ta ce alhamdu lillahi, shi ke nan. Ƙannenmu mata su ne suke zama hira da tsokana a ɗakinta. To ta ina zan yi tawa marabar? Sai na bi ta hannun uwargidana. Na roƙe ta ta riƙe ta riƙon ƙanwa, kada a ji kishin facaloli a gidan nan, ita kuma ta karɓa da hannu biyu. Ta kai ta Kasuwar Rimi ta nuna mata masu kayan miya da ake saya a wajensu, ta zagaya da ita gidajen dangi. Ni kuwa na sa aka gyara famfon sashensu, aka sa musu sola, na kuma ja Auta gefe na ce masa zaman majalisa har sha ɗayan dare ya ƙare. Ranar da ta fara girki ta aiko mini da dambun zogale irin nasu. Na cinye, na mayar da kwanon da tukuici, na ce a faɗa mata hannunta da albarka. Uwargida ta ce da ta ji saƙon sai da ta rufe fuska don murna.

Auta ya tambaye ka fiye da sau ɗaya. Ka kira shi, don Allah, ka yi masa nasiha irin taka, ya fi jin maganarka a kan tawa. Shaddarka ta anko tana nan Hajiya ta ajiye, ta ce ko bayan shekara ka dawo sai ka ɗinka ka zo gaida amarya da ita. In ka sami mai tahowa Kano, ka aiko wa amarya da Alƙur'ani bugun Warshu, da shi ta yi karatu, na nan ɗakin kuwa duk Hafsu ne.

Ka sa su a addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya jiƙan Baba. Hajiya da Baffa da uwargida suna gaishe ka. Ka rubuto mini yaushe za ku gama jarrabawa, da ko za ka zo hutun bana.

Wassalam.

Naka har kullum,
abokinka na Fagge.