Wasiƙa zuwa ga aminina a kan tafiyarmu ta bazara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ka ladan ɗawainiya. A shafa mini kan yara.

Mutumina, saƙonka ya iso, kuma na karanta jadawalin da ka tsara har sau uku. Na ji daɗi ƙwarai da ka ɗauki maganar nan da gaske, domin shekara shida ke nan rabon da mu zauna wuri ɗaya, kullum sai dai waya. Amma ka yi mini haƙuri in faɗa maka gaskiya: ƙasa bakwai cikin kwana goma sha huɗu ba za ta yi mana ba. Na ƙirga, kwana tara daga ciki a mota za mu wuni. Na taɓa yin irin wannan, birni biyar cikin kwana shida, kuma yau idan na tuna tafiyar ba abin da ke zo mini sai tashoshin mota da nauyin jaka a kafaɗa. Ba na so mu tara kuɗi da hutun shekara guda mu dawo da irin wannan. Shawarata ita ce mu tsaya a ƙasa uku, Bosniya da Montenegiro da Albaniya, mu ba su mako uku, mu riƙa sassaɓawa: in zafin birni ya dafa mu, mu hau tsauni mu sha iska.

Mu sauka a Sarayebo, babban birnin Bosniya, mu yi kwana huɗu. Na san za ka ce sun yi yawa, to saurara. Birnin a cikin kwari yake, tsaunuka sun kewaye shi, kuma tsohuwar kasuwarsa tun zamanin Daular Usmaniyya take. A tsakiyarta masallacin gwamnan Usmaniyya Gazi Husrev-beg yake, wanda aka gama wajen 1531, ga kuma ɗakin karatun da ya yi waƙafinsa a 1537, cike da rubutattun littattafai na Larabci da Turkanci da Farisanci. Kai da ka san darajar tsohon rubutun hannu, na tabbata wuni guda ba zai ishe ka a can ba. Kusa da masallacin akwai hasumiyar agogo da nake ɗokin mu gani tare: ƙarfe goma sha biyunta ba tsakar rana ba ne, faɗuwar rana ne, wato lokacin magariba. Da yake ranaku na tsawo suna gajarta, akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya hau ya daidaita ta da hannu. Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa ka wuce cocin Katolika da na Otodoks da wurin ibadar Yahudawa, ka isa bakin gadar da aka harbe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya, ranar 28 ga Yunin 1914, harbin da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Amma ba tsohon tarihi kaɗai ya sa nake son mu daɗe a can ba. Daga 1992 zuwa 1996 an yi wa birnin nan ƙawanya, kusan shekara huɗu ana ruwan wuta a kansa daga kan waɗannan tsaunukan da za mu je kallo. Mutanen gari suka haƙa rami mai tsawon kusan mita 800 a ƙarƙashin filin jirgin sama, ta nan abinci da magani suke shigowa. Wani ɓangarensa yana nan ana shiga. Ina kuma so mu ware yini guda mu je Srebrenica, inda aka kashe maza da samari Musulmi fiye da 8,000 a watan Yulin 1995. Tafiya ce mai nauyi a zuciya, kuma ba wurin ɗaukar hoto da murmushi ba ne. Mu je mu yi musu addu'a mu dawo. Ba zan iya ratsa ƙasar nan ina yaba kyan gadoji in tsallake wannan maƙabarta ba. Washegari sai mu hau tsaunin Trebević a motar igiya mu huta, amma ka riƙe wannan: a dazukan Bosniya ba a barin hanyar da aka yi wa alama, domin har yanzu akwai sauran nakiyoyin yaƙi a binne a wasu wurare.

Daga Sarayebo jirgin ƙasa za mu shiga zuwa Mostar, kamar awa biyu, yana bin kogin Neretva ta tsakanin duwatsu. Kwana biyu sun isa, don garin yana da zafi sosai a bazara. Gadarsa ce ta kai mu: Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ne ya ba da umarnin gina ta, aka gama a 1566, ta yi shekara 427 a tsaye kafin a rusa ta da luguden wuta ranar 9 ga Nuwamban 1993. An sake gina ta da irin dutsen farko aka buɗe a 2004. Mu je mata bayan asuba, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Da rana kuwa mu gudu Blagaj, kilomita goma sha biyu daga gari, inda kogin Buna yake ɓulɓulowa daga gindin wani ƙaton dutse, ga zawiyar sufaye manne a gefensa. Ruwan sanyi ƙalau ko da tsakiyar bazara.

Ranar da ta fi ba ni tunani ita ce ta tsallakawa zuwa Montenegiro. Garin da nake so mu nufa a taswira za ka ga an rubuta shi Žabljak, yana sama da mita 1,400 a cikin tsaunukan Durmitor, kuma motocin haya daga Mostar ba sa zuwa cikin sauƙi, sai an bi ta Trebinje da Nikšić ana sauyi. Ina ga ranar nan kaɗai mu ɗauki shatar mota da direba. Hayar mota mu tuƙa da kanmu na duba na fasa: sai kamfani ya ba da izinin ƙetare iyaka a rubuce, ga takardar inshora, ga ƙarin kuɗi idan a wata ƙasa za ka ajiye ta. A can kwana uku nake so, kuma ba na son mu cika su da komai. Akwai tafki da ake kira Baƙin Tafki, tafiyar ƙafa ce daga gari, a cikin dajin dogayen itatuwa. Akwai kwazazzabon kogin Tara, wanda zurfinsa ya kai mita 1,300 a wani wurin, da gadar da aka gama a 1940 a samansa. Ƙololuwar Bobotov Kuk mai mita 2,523 kuwa ban sa ta a lissafi ba, saboda gwiwarka. Ka zo da rigar sanyi mai kauri, don dare a can ba ruwansa da bazara.

Sai mu gangara Kotor a bakin teku, kwana biyu. Tsohon gari ne cikin ganuwa, mutanen Benis, birnin da ke Italiya a yau, sun mulke shi daga 1420 zuwa 1797, shi ya sa gininsa bai yi kama da na Sarayebo ko kaɗan ba. Matakala wajen 1,350 ake hawa zuwa sansanin da ke samansa. In gwiwa ta yarda mu hau da sassafe, in ba ta yarda ba mu tsaya a rabi. Manyan jiragen ruwa suna sauke dubban mutane da hantsi, sai yamma garin yake dawowa na masu shi.

Albaniya ce na fi ƙagara a kai. Mu kwana ɗaya a Shkodër, da sassafe mu nufi Koman mu shiga jirgin ruwa a tafkin da madatsar kogin Drin ta haifar, kusan awa uku tsakanin duwatsu masu tsayi, har Fierzë, daga nan ƙaramar mota zuwa Valbona. Washegari ne babban aiki: tafiyar ƙafa zuwa Theth ta wata mashiga mai tsayin kusan mita 1,800, awa shida zuwa takwas. A nan fa sai ka yi wa kanka adalci. Ka ga likita tun yanzu, ka fara tattaki kullum, ka sayi takalmin hawa ka saba da shi kafin ranar, don sabon takalmi a kan dutse kanta yake jawowa. In likita ya hana, babu komai, sai mu koma Shkodër mu shiga Theth da mota. Idan kuwa za mu hau, da ketowar alfijir za mu tashi, domin hadarin tsauni da la'asar yake haɗuwa. Theth kwana biyu, Berat uku, Tirana, babban birnin ƙasar, ɗaya mu kama jirgi.

Berat gari ne da fararen gidaje suka hau jikin tudu, tagogi bisa tagogi, kogin Osum ya raba unguwanninsa biyu, kuma har gobe akwai masu zama a cikin ganuwar da ke sama. Abin da ke taɓa ni game da ƙasar nan shi ne a 1967 gwamnatin Enver Hoxha ta haramta addini ɗungurungum, aka rufe masallatai da coci-coci, wasu aka rushe, wasu aka mai da su rumbuna. Sai a farkon 1991 jama'a suka yi ɗango suka shiga masallacin Et'hem Bey a Tirana suka yi salla ba tare da neman izinin kowa ba. Ina so sallarmu ta ƙarshe a tafiyar nan ta kasance a cikinsa.

In ka haɗa, kwana goma sha tara ke nan. Biyun da suka rage kada ka sa musu suna. Na mota da ta ƙi zuwa ne, ko ruwan sama, ko garin da ya riƙe mu.

Na san Dubrovnik na Kuroshiya da Ohrid na Masedoniya ta Arewa suna ranka, ni ma cire Ohrid bai yi mini daɗi ba. Amma taura biyu ba ta taunuwa, kuma kowace iyaka da muka ƙara wata takarda ce da wani layi. Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, tun farkon 2023, ukun nan namu kuwa ba sa ciki, kowace da dokarta. Suna karɓar bizar Shengen mai shiga da fita sau da yawa don gajeren zama, amma sharuɗɗan sun bambanta, saboda haka kowannenmu ya rubuta wa ofisoshin jakadancinsu ya sami amsa a rubuce kafin mu biya kuɗin jirgi. Kuɗi ma iri uku ne: marka a Bosniya, yuro a Montenegiro duk da ba ta cikin Tarayyar Turai, lek a Albaniya. A ƙauyukan tsauni tsaba ake so, kada mu dogara da kati.

Lokaci kuma, ina ganin mu tashi a makon ƙarshe na Yuni. Ƙanƙara ta narke a mashigar Valbona, cunkoson Agusta bai fara ba. Yini yana da tsawo, rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, asuba kuma tana yi tun wajen ƙarfe uku, don haka barcin rana zai zama dole. Jaka ɗaya kowa, wadda zai iya hawa matakala da ita, domin titunan tsofaffin garuruwan nan duwatsu ne, akwati mai taya wahala ne kawai.

Abin da nake roƙo shi ne ka nemi mako uku a wurin aiki tun yanzu, ka duba ranar ƙarewar fasfonka, ka kuma sanar da ni abin da likita ya ce kafin ƙarshen wata, don gidajen baƙi na Valbona da Theth ƙanana ne, da wuri suke cika. In mako biyu kaɗai suka ba ka, Kotor da Berat za mu sadaukar, mu rage kwana ɗaya a Theth, amma kwanakin Sarayebo da na Durmitor ba zan taɓa su ba. A bakin Baƙin Tafkin nan nake so ka ba ni labarin shekarun nan shida tun daga farko, ba a gaggauce ba.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'arta. Allah ya kai mu lokacin da rai da lafiya.

Wassalam,
Naka amini.