Jarrabawar Bayoloji: Inda Maki Ke Zubewa Duk Da Hadda

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin ɗaliban da ke shirin jarrabawar Bayoloji ta kammala sakandare, da malaman da ke shirya su.

An ɗauki Bayoloji tamkar darasin hadda zalla. Sai yaro ya haddace littafi daga bango zuwa bango, sakamako ya fito ya riƙe baki. A ganina makin na zubewa ne a gwaji da zane da lissafi, waɗanda sai hannu ya saba da su kafin su zauna a ka.

Ɗauki gwajin sitaci a ganye. Kowa ya san aidin na mayar da sitaci shuɗi mai duhu, kusan baƙi, amma mai duba takarda dalilin kowane mataki yake nema. Ana ajiye shukar a duhu na awa 48 don ta cinye sitacin da ta tara, in ba haka ba ba za a san ko wanda aka gani sabo ne ko tsoho ba. Bayan ta sha haske a tsinko ganyen, a tsoma shi a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya don ƙwayoyinsa su mutu, sannan a dafa shi cikin etanol har korensa ya fita. Ba a ɗora etanol a kan wuta kai tsaye, domin kamawa yake yi. Kwalbar gwajin ake tsayarwa cikin ruwan zafi. Ganyen zai fito fari fat, ya yi tauri yana neman karyewa, shi ya sa ake sake jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin a shimfiɗa a ɗiga aidin.

Ruwan Benedict, na gwajin sukari, shi ma yana da tarko. Sai an dumama shi tare da abin da ake gwadawa kafin ya tashi daga shuɗi zuwa kore, rawaya, har ya yi jan bulo. Wanda ya rubuta launin bai ambaci dumamawa ba ya yar da maki. Sukurus kuwa, wato sukarin shayi, ba ya sauya shi sai an fara tafasa shi da asid na haidirokulorik da aka surka da ruwa, a kashe asid ɗin da sodar bikabonet, sannan a gwada. Ruwan Biuret na furotin ba ya buƙatar zafi, shunayya yake komawa nan take. A raba abin da ido ya gani da abin da aka fahimta: “ya koma shunayya” daban, “akwai furotin” daban, kowanne da makinsa.

Zane kuma ba gasar kyau ba ce. Fensir mai tsini, layi ɗaya santal ba tare da maimaitawa ba, babu shafa inuwa. Layukan suna a ja su da rula, kada su ratsa juna, kowanne ya taɓa ainihin sashen da ake nufi. A sa take, a kuma rubuta ninkin girma: tsawon zane a raba da tsawon abin. Zanen milimita 90 na abu mai milimita 30 ya ba da ×3. Wanda ya auna zanen da santimita 9 ya raba da 30 zai samu 0.3, wato ya ce zanensa ya fi abin ƙanƙanta alhali ga shi ya cika rabin takarda.

A darasin gadon halitta, rabon 3:1 da Mendel ya samu a wake kowa ya riƙe shi, sai dai amsar kaɗai ba ta isa ba. A nuna ƙwayoyin gadon iyaye, a nuna abin da kowane ƙwan haihuwa ke ɗauke da shi, a cika akwatin haɗawa, wato teburin da ke nuna yadda na uwa da na uba za su haɗu. Idan AS ya haɗu da AS, yiwuwar SS ɗaya ce cikin huɗu a kowane ciki. Rubuta cewa ɗan na huɗu ne zai zo da sikila kuskure ne, domin kowane ciki lissafinsa sabo ne. Haka ma kada a ce zafi ya “kashe” enzayim, sinadarin da ke hanzarta ayyukan cikin jiki, don ba shi da rai. Siffarsa ce ke lalacewa, ya kasa kama abin da yake aiki a kansa.

Ga ɗalibai, ku riƙa amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanku, littafi a rufe, kuna duba makin da ke gefen kowace tambaya: mai maki huɗu hujja huɗu take so. Ga makarantu kuma, roƙona kowane ɗalibi ya yi waɗannan gwaje-gwajen da hannunsa aƙalla sau biyu kafin ranar jarrabawa, ba ya tsaya a bayan aji yana leƙen malami ba.

Naka,
Wani malamin Bayoloji