Rahoton Kwamitin Gyaran Famfon Masallacinmu na Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Aikin gyaran famfon bakin masallaci da jama'a suka ɗora mana ya kammala, ruwa na zuba garau, alhamdu lillahi. Mun rubuta wannan bayani ne musamman saboda 'yan'uwanmu na Akara da na ƙasashen waje, waɗanda suka turo gudummawa ta waya amma ba su ga aikin da idonsu ba.

Mutanen unguwa sun san yadda maganar ta taso. Wata uwarmu mai koko da ƙosai a bakin lungu ce ta zo wa Baba Liman da ruwa a gorar roba bayan sallar asuba, ta dire a gefen buzunsa. Ruwan ja-ja ne, da ya kwanta sai wani baƙin gari ya taru a gindin gorar, ga ƙarni irin na tsohuwar ƙusa. Kafin azahar labari ya gama WhatsApp cewa gubar galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta iso famfonmu. Masu hali suka koma piya wata har a girki, marasa hali suka ci gaba da sha gabansu na faɗuwa.

Ba mu ga laifin wanda ya tsorata ba. A watan Agustan 2024 kamfanin Ghana Water da kansa ya bayyana cewa dagulewar kogin Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'aunin NTU, alhali an gina matatar ne don ruwan da bai wuce 2,000 ba, har ruwa ya yi wa Cape Coast da Elmina wuya. Kowa ya san masu haƙar zinariya da zaiba suke kama ta. Dattawanmu kuma ba su manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Sai dai akwai abin da masu yaɗa saƙon suka tsallake. Mafi yawan ruwan famfon Kumasi daga dam ɗin Barekese yake fitowa, a kan kogin Offin, ragowar daga Owabi. Offin ɗin da ake nunawa a talabijin kamar kunun kanwa, na wajen Dunkwa, yana can ƙasa da dam ɗin ne, ruwa kuwa ba ya komawa tudu. Wannan bai sa mu saki jiki ba, domin duk abin da aka zubar a saman dam ɗin mu zai tarar, amma ya sa muka ƙi kashe kuɗin jama'a a kan jita-jita.

Wani ɗanmu da ya karanta kimiyya a jami'ar KNUST ne ya ba da shawarar da ta fi kowace amfani. Ya ce kada a kai gora ɗaya gwaji, a kai uku: ɗaya daga bakin mita, inda ruwan kamfani yake shigo mana, ɗaya daga tanki, ɗaya daga bakin famfo. Haka aka yi. Ta bakin mita ta fito lafiya, dalma da zaiba ba su haura ƙa'ida ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan dalma ita ce kada ta wuce miligiram 0.01 a lita guda. Sauran biyun kuwa tsatsa ce fal, ga ƙwayoyin cutar da ake samu a bayan gida. Ke nan ɓarnar tana tsakanin mita da famfo, wato a hannunmu.

Ranar da matasa suka tona hanyar bututun, wanda ya gani bai ƙara tambaya ba. Tsohon bututun ƙarfe ne, cikinsa ya cushe da tsatsa, ɗan yatsa ma da ƙyar yake shiga. A inda ya ratsa kwata kwance yake tsamo-tsamo cikin baƙin ruwa, an ɗaure wani tsagi da robar tayar keke, ɗaurin ma ya ruɓe. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsiyaya. Amma da an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo na kwata, idan an dawo da ruwa ya tura shi tanki. Kwatar nan kuwa ita ke kwasar baƙin man makanikai da ruwan batir da na wanki da abin da ba ya faɗuwa. Wani dattijo ya tsaya a kan ramin ya daɗe yana salati, shi da yake alwala a nan shekara da shekaru.

Mun cire bututun gaba ɗaya, mun sa baƙin na roba mai kauri tun daga mita har tanki. A mararrabar kwata an ɗaga shi sama, an zura shi cikin wani babban bututu don kada amalanke ko okada su fasa shi. Tsohon tankin murfinsa ya tsage, laka ta yi kauri a gindinsa, sai muka sayar da shi muka cika kuɗi aka sayi sabo, aka ɗora a kan dakalin bulo, aka sa wa murfin kwaɗo. An zuba siminti a wurin ɗiba, an kafa bakin famfo huɗu, an raba magudanar alwala da inda mata ke ajiye bokiti.

Mun yi kuskure ɗaya, kuma namu ne. Mai gyaran famfo na farko mun ba shi kafin alƙalami ba tare da rubuta komai ba, don an san shi a unguwa. Ya kawo siririn bututu wanda ba na ruwan sha ba ne, ya binne rabi kafin wani ya lura. An sallame shi, an sake tonawa, kwana biyar da wani ɓangare na kuɗin suka tafi a banza.

An yi ta kai ruwa rana a kan borehol. Wasu manyanmu sun so a haƙa a huta da kamfani da ɗauke-ɗaukensa, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Mun ƙi ne saboda bayan gidan jama'a da ke bayan masallaci, ga masai a kusan kowane gida. A irin wannan cunkoso naitiret, wani sinadari da ke fitowa daga ƙazantar masai, yakan sauka cikin ruwan ƙasa. Iyakarsa miligiram 50 ne a lita, jarirai ya fi yi wa illa, kuma ba ya canja wa ruwa launi balle a gane. Iyayenmu mata, a nan muke roƙonku: tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma ko naitiret, sai ma ya ƙara musu ƙarfi idan ruwan ya ƙone. Alif kuma laka yake kwantarwa. Ɗan warin kulorin da wasu ke ƙorafi a kai yanzu, shi ne maganin da tsatsa da ƙazanta suke cinyewa a da kafin ya iso gare mu.

Bayan gyara an sake kai ruwan bakin famfo gwaji, ya fito daidai da na mita. Takardun gwajin da lissafin kuɗi, shiga da fita har da asarar da muka ambata, suna manne a allon masallaci, an kuma tura hotonsu a zauren WhatsApp. Har yanzu mai bulo na bin mu cikon kuɗinsa, za a zaga da kwano ranar Juma'a.

Za a riƙa wanke tanki duk wata shida, ɗaya daga ciki gab da azumi, a sake gwaji bayan damina. Wanda ya fara ɗiba da asuba ya bar ruwan ya ɗan zuba tukuna, na farkon a yi shara da shi. Makullin tanki yana wurin Ladan.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti.