Zoben da ke ƙafar tsuntsu ba asiri ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Kakar bara ƙanena ya ciro wata 'yar agwagwar ruwa daga komarsa a fadamar Nguru, da zoben ƙarfe a ƙafarta. Nan take mutane suka ce sammu ne, aka wurga zoben cikin ruwa. Abin ya ƙona min rai.

Masana tsuntsaye ne ke sa irin wannan zoben. A Denmak aka fara, a 1899. Lamba da adireshin da ke jiki su ke nuna inda tsuntsu ya taso. Da sanyin Turai ya kawo jiki, sai tsuntsayen can su ƙetaro Sahara su sauka fadamar Dagona da ke nan Jihar Yobe, daidai lokacin da shamuwa ke barinmu.

Don Allah, wanda ya tsinci zobe ya rubuta lambar da ranar, ya kai wa ma'aikatan gandun daji.

Wani malamin firamare,
Nguru, Jihar Yobe