Bayan farin kwanon tekawe, a leƙa robar koko

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ranar 5 ga Yuni 2025 Shugaba John Mahama ya sanar cewa Gana za ta hana shigowa da farin kwanon Styrofoam da kuma ƙera shi. Madalla. Sai dai wanda ya fito da sassafe a Aboabo ko Asawase ya san ba a wannan kwano mutanen zango ke karya kumallo ba. Koko ne daga tukunya, yana tururi, a kwarara shi a farar roba shara-shara, a ƙulle baki, mai saye ya ciji kusurwa ya tsotse. Nan ne doka ba ta leƙa ba.

Roba suna ta tara. A juya gindin mazubi, za a ga lamba cikin kibiyoyi uku. Lamba 1 ta kwalbar ruwa da lemo ce, don sanyi aka yi ta. Lamba 5 ce mai jure zafi, ba ta narkewa sai wajen digiri 160. Lamba 6 ita ce Styrofoam: tana laushi tun kusa da zafin tafasasshen ruwa, miya mai manja kuma tana jawo sinadarin sitirin daga jikinta, wanda cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. A cikin lamba 7 ake samun mai BPA, wani sinadari da ake tsoron illarsa ga lafiya, wadda Tarayyar Turai ta hana yin bulunbotin jarirai da ita tun 2011.

To robar koko fa, lamba nawa ce? Babu lamba, babu sunan masana'anta. Yawanci foliyetilin ce, irin robar da ake yin leda da ita, kuma tsakani da Allah tsantsarta ba ita ce mafi muni ba. Abin tsoron shi ne abin da aka gauraya mata. Baƙar roba ta fi ban tsoro, don sau da yawa daga tsohuwar robar bola ake narko ta, baƙin launin ya rufe asirin inda ta fito. Abu uku ke tura sinadari cikin abinci: zafi, maiƙo, daɗewa. Shi ya sa ƙosan da aka tsamo daga mai mai zafin digiri 170 aka jefa kai tsaye a baƙar roba ya fi koko haɗari, tunda ita robar ba ta kai digiri 140 take narkewa. Wani lokaci har za ka ga ta yamutse ta manne masa. Haka tuwon banku da aka naɗe a roba da zafinsa aka jera a kula tun safe har la'asar.

Umarnin gwamnati na 2015 da ya hana roba shara-shara mai kaurin ƙasa da maikiron 20 (ma'aunin kauri ne ɗan mitsitsi), kwata da shara ya duba, bai duba cikin mutum ba.

Roƙona ga Hukumar Ƙa'idojin Kaya ta Gana: kowane ɗaurin robar abinci ya fito da lambarsa, da sunan mai ƙera shi, da iyakar zafin da yake ɗauka. Hukumar Abinci da Magunguna, wadda dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ba iko, ta fara daga masana'anta da 'yan sari na kasuwar Kejetia. Kora wa Hajiya mai koko ciniki ba zai gyara komai ba. Abin da ta samu a kasuwa ta saya.

Kafin nan, iyayenmu masu sana'a, a bar ƙosai da masa su tsane a kwando minti biyar, kada baƙar roba ta taɓa abinci, a mayar da waakye, shinkafa da wake, cikin ganyensa. Mai saye ya riƙo kofin silba ko kwanon samira daga gida. Ruwan fiya wata kuma a ɗauke buhunansa daga rana, a ɗora kan katako cikin inuwa.

Wassalam.

Mai karatunku,
Aboabo, Kumasi