Masu shan hydroxychloroquine kada su jira sai ido ya dushe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu shan hydroxychloroquine na dogon lokaci, wato masu cutar lupus (wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mutum) da amosanin gaɓɓai. Yayata ta shekara bakwai tana shan sa, kuma duk sanda aka ce ta je a duba mata ido, amsarta ɗaya ce: ai tana karatu lafiya lau.

To a nan gizo ke saƙar. Maganin kan taɓa retina, tantanin da ke can bayan ƙwayar ido mai karɓar haske, kuma ɓarnar takan fara ne a kewayen tsakiyar gani. Mutum zai karanta ƙananan haruffan allon gwaji tsaf alhali ana yi masa illa. Kafin ya lura da kansa, abin da ya tafi ya tafi, wani lokaci ma ɓarnar kan ci gaba bayan an daina maganin.

Akwai gwajin da ake kira ERG. Duk sanda haske ya sauka a kan retina, takan fitar da ɗan lantarki, sai na'ura ta auna shi ta wani siririn zare da ake ɗorawa a ido. Wani nau'insa yakan raba tsakiyar retina gida 61 ko 103, ya nuna gidan da ya yi sanyi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a tambayar majiyyaci ko ya gani, idon ne ke ba da amsa da kansa. Shi ya sa ake yin ERG ga jarirai masu shan vigabatrin saboda farfaɗiya, maganin da ke cin ganin gefe, tunda jariri ba zai danna maɓalli ya nuna ya ga haske ba, kamar yadda ake yi a gwajin faɗin gani.

A 2016 ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta ce kada a wuce miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, a duba ido cikin shekarar farko, sannan duk shekara bayan an cika shekara biyar ana shan maganin. Haɗarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba a shekaru biyar na farko, amma yakan kusan kashi 20 bayan shekara 20. Masu ciwon ƙoda da masu shan tamoxifen, maganin kansar nono, sun fi shiga haɗari.

Kada wani ya ajiye maganinsa saboda wasiƙata, yana da amfani ƙwarai. Ya dai tambayi likitansa yaushe za a yi masa hoton retina da ake kira OCT da gwajin faɗin gani, da ERG in an ga abin shakka. Yayata dai mun shawo kanta, ta karɓi ranar zuwa.

Naka,
Mai karatu