A bar jiragen da muka ƙera su bi mu zuwa sabon wasa

Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba. A wurina ya kai, domin kusan kullum a gabana yake faruwa.

Ina da ɗan shagon wasan kwamfuta a nan Birnin Kebbi, kwamfuta biyar da janareta ɗaya. Galibin yaran da ke zuwa ƙwallo suke bugawa, amma akwai kaɗan daga cikinsu, har da ni kaina, da muka shaƙu da wasannin kafa daula a sararin samaniya. Za ka fara da duniya ɗaya tak, ka yi ta binciken kimiyya, ka ƙera jiragen yaƙi, ka faɗaɗa ƙasarka, kuma wasa ɗaya kan ci makonni. Daɗin abin shi ne ba a ba ka jirgi a haɗe. Gangar jiki kawai ake miƙo maka da gurabe fayau, kai ne za ka zaɓi bindigar da za ta zauna a gaba, yawan sulke, ƙarfin garkuwa da injin gudu. Idan ka cika kaya fiye da wutar da injin jirgin ke bayarwa, wasan zai ƙi karɓar zanen, sai ka koma ka rage wani abu.

Akwai wani yaro ɗan aji biyar na sakandare da ke zuwa mini ranakun Asabar. Ya shafe mako uku yana gyaran wani ƙaramin jirgi mai gudu, a ci shi da yaƙi ya dawo ya cire sulke ɗaya ya sa garkuwa, a sake cin sa ya sauya bindiga, har jirgin ya tsaya da ƙafarsa. Ya raɗa masa suna Giwan Ruwa, don shi mutumin Argungu ne. Da wasan ya ƙare ya buɗe sabo, sai ya tarar babu Giwan Ruwa babu alamarsa. Bai ce komai ba. Ya zaro littafin lissafinsa daga jaka, ya buɗe shafin ƙarshe inda ya zana jirgin da biro, kowane gurbi da abin da ya sa a ciki, ya shiga kwafewa ɗaya bayan ɗaya. Awa ɗaya ya biya, kuma ranar babu wuta, fetur muke ƙonawa. Fiye da rabin awar a wannan kwafe ta tafi. Na ƙara masa lokaci kyauta, amma abin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Ba zan ambaci sunan wasan ba, don ba shi kaɗai ke haka ba.

Abin da ya sa ya taɓa ni sosai, ni ɗan Yawuri ne, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, jiragen katako yake ƙerawa a bakin kogi. Yana da wata sanda mai tsage-tsage da yake rataye ta a ɗaki, wadda ba ya bari mu yi wasa da ita. Kowace tsaga ma'auni ce: faɗin ciki, tsayin gefe, inda katako zai fara lanƙwasa. Shekarunsa na gwaji da kuskure ne ke jikin sandar nan. In an kawo sabon aiki ba ya komawa farko yana lalube, sai ya ɗauko ta ya aza, sannan ya tambayi mai jirgi: kaya za ka riƙa ɗauka ko mutane, su za ka yi ko fito? A nan ne yake ƙarawa ko ya rage. Ban taɓa jin wani ya ce Baba ya yi ha'inci don ya ajiye ma'auninsa ba. Tela ma haka yake da littafin awonsa.

Na san hujjar masu cewa a bar abin yadda yake, domin mun sha yin gardamar a shago. Suna cewa kowane wasa da irin abokan gabarsa. Yau ka haɗu da masu garkuwa mai kauri, harsashi ne maganinsu; gobe ka haɗu da masu sulke, sai hasken lesa; jibi masu ruwan makamai masu linzami, dole ka sa ƙananan bindigogin kakkaɓo su. Don haka wai tsohon zane zai sa mutum lalaci. Gaskiya ne jirgin jiya ba lallai ya ci yaƙin yau ba. To amma wannan ai shawarar mai wasa ce. In ya ɗauko tsohon zane ido rufe aka tarwatsa masa runduna, ya koyi darasi, kuma darasin nan shi ne wasan. Danna gurbi ashirin da ka riga ka san abin da za ka sa a ciki kuwa ba dabara ba ce, wahala ce kawai. Masu tsoron kada mutum ya fara wasa da babban jirgi tun ranar farko su kwantar da hankalinsu. Zane ba jirgi ba ne. Sai ka binciko fasaharsa, ka tara ƙarfensa, ka gina ma'aikatarsa kafin ya tashi.

Kuma ba sabon abu muke nema ba. A 1993 wasan Master of Orion ya bai wa mai wasa damar zana jiragensa, ko da yake iri shida kacal zai iya riƙewa a lokaci guda. Zuwa 2006 wasan Galactic Civilizations II na kamfanin Stardock na Amurka yana ajiye jirgin da ka zana a cikin kwamfutarka, ya dawo maka da shi a sabon wasa da zarar ka mallaki fasahar da yake buƙata. A Galactic Civilizations na uku da ya fito a 2015 har musayar zane 'yan wasa ke yi ta Steam, dandalin sayar da wasanni a intanet. A wasan Kerbal Space Program kowane kumbo ɗan ƙaramin fayil ne da za ka kwafa a filasha ka kai wa abokinka. Ashe hanya a buɗe take, niyya ce kawai.

Ranka ya daɗe, na san da wuya masu waɗannan kamfanoni su karanta jaridar Hausa. Waɗanda nake so su ji ni su ne ƙannenmu da ke koyon ilimin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha ta Aliero, waɗanda wasu daga cikinsu ke zama a shagona suna cewa wata rana za su haɗa nasu wasan. Idan ranar ta zo, ku tuna da wanda ke biyan kuɗin awa da kuɗin tararsa, ku sa masa wurin ajiye abin da ya ƙera da hannunsa. Iyaye kuma, don Allah a riƙa leƙa abin da yaran ke yi kafin a yanke hukunci. Yaron da ya zauna yana auna wuta da nauyi da tsadar kaya don jirgi ya daidaita, ba zaman banza yake yi ba.

Kafin nan na sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi na ajiye a kan teburina. Duk wanda ya ƙera jirgin da ya yi masa aiki yana zana shi a ciki, ya rubuta irin abokan gabar da ya ci da shi. Giwan Ruwa ne a shafin farko, kuma zuwa jiya mun kai shafi na goma sha ɗaya.

Naku,
Mai shagon wasan kwamfuta,
Birnin Kebbi.